Makullai Huɗu, Ƙofa Ɗaya: Yadda Aka Raya Ɗakin Karatu na Alƙarawiyyin a Birnin Fas

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a zauren malami a ƙasar Hausa ya san sunan Ƙairawan, ko da bai san inda garin yake ba, domin da wuya a yi nisa a karatun fiƙihu ba a bi ta kan Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ba. Garin yana ƙasar Tunusiya ta yau. Daga can ne wasu iyalai suka yi ƙaura zuwa yamma a farkon ƙarni na 9 na Miladiyya, suka sauka a sabon birnin Fas da ke ƙasar Maroko, aka ba su gefe guda na kogin da ya ratsa birnin, aka kira unguwarsu da sunansu: Alƙarawiyyin, wato mutanen Ƙairawan. A wannan unguwa aka gina masallacin da ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin mazhabar Malikiyya, kuma a jikinsa akwai ɗakin karatu da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a duniya waɗanda har yanzu suke aiki.

A shekarar 2012 ginin wannan ɗakin karatu ya kai wani hali da littattafan cikinsa suka shiga haɗari. Abin da aka yi don ceto shi, da yadda magabata suka riƙa sabunta shi tun kafin nan, darasi ne ga duk al'ummar da ta gaji littafi daga iyaye da kakanni.

Daga masallaci zuwa taskar littattafai

Masanin tarihi Ibn Abi Zar, wanda ya rubuta littafinsa Raudul Ƙirɗas a farkon ƙarni na 14, ya ruwaito cewa wata baiwar Allah mai suna Faɗima Alfihriyya ce ta gina masallacin a shekarar 245 bayan Hijira, daidai da 859 Miladiyya, da dukiyar da ta gada daga mahaifinta. Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta faɗaɗa shi, musamman Murabiɗun a tsakanin 1134 da 1143, har ya zama babban masallacin birnin kuma matattarar malamai da almajirai.

Inda malamai suka taru, littattafai kan taru. A zamanin daular Banu Marin aka mai da Fas birnin makarantu. Sarki Abu Yusuf Yaƙub ya gina makarantar Saffarin a 1271, kusa da masallacin. Da ya yi sulhu da sarkin Kastila na ƙasar Andalus a 1285, cikin abin da ya nema har da littattafan Larabci da suka faɗa hannun Kiristoci bayan sun ci garuruwan Musulmi. Aka aiko masa da kaya 13 na littattafai, ya sa aka kai su Fas domin amfanin ɗalibai. Sarkin da yake sanya littafi cikin sharuɗɗan sulhu ya san darajar abin da yake nema.

Ɗakin karatu na farko da aka gina musamman domin littattafan masallacin, Sarki Abu Inan Faris ne ya gina shi a shekarar 750 Hijira, wato 1349, a kusurwar arewa maso gabashin masallacin. Wannan ɗaki yana nan har gobe. Bayan fiye da shekara 200, a ƙarshen ƙarni na 16, Sarki Ahmad Almansur na daular Sa'adiyyun ya gina wani sabon ɗaki a bayan bangon alƙibla, aka sa masa suna Ahmadiyya, aka mayar da littattafan can. A 1940 kuma, lokacin da Maroko take ƙarƙashin Faransa, Sarki Muhammad na Biyar ya sa aka yi gagarumin ƙari: babban zauren karatu mai tsawon mita 23, da rufin katako mai ado, da ƙofa da ke buɗewa waje ta wajen dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla suke bugun tukwane da faranti tun zamanin da. Wannan ƙofa ta sauya matsayin wurin. A da sai an bi ta cikin masallaci ake kaiwa ga littattafan, daga nan kuwa mai bincike yana iya shiga kai tsaye daga titi.

Ashe ke nan ginin da muke kira tsoho bai taɓa tsayawa a siffa ɗaya ba. An gina shi a 1349, an sake masa mazauni a ƙarni na 16, an faɗaɗa shi a 1940. Kowane zamani ya zo da nasa gyaran, gwargwadon buƙatar masu karatu na lokacin.

Abin da ke cikin taskar

Rubutattun littattafan hannu da ke Alƙarawiyyin sun kai kimanin 4,000. Cikinsu akwai Alƙur'ani mai girma da aka rubuta da rubutun Kufi a kan fata tun ƙarni na 9. Akwai juzu'o'in Muwaɗɗa ta Imam Malik a kan fatar barewa. Akwai wani tsohon kwafi na Sirar Ibn Ishaƙ, wadda take tushe ga mafi yawan abin da aka rubuta daga baya game da rayuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai kuma kwafin Kitabul Ibar, babban littafin tarihi na Ibn Khaldun wanda shahararriyar Muƙaddima take a matsayin gabatarwarsa.

Wannan kwafi na Ibn Khaldun ya cancanci a tsaya a kansa. Marubucin ya yi aiki a fadar Abu Inan a Fas yana matashi, ya kuma zauna a gaban malamanta. Bayan shekaru masu yawa, yana zaune a Alƙahira, ya aika da littafin cikin mujalladai bakwai a shekarar 799 Hijira, wato 1396, ya yi waƙafinsa ga ɗaliban ilimi na Fas. Takardar waƙafin tana nan a jikin littafin. Ta ba ɗalibai damar karantawa da nazari da kwafa. Ta ce mazaunin littafin shi ne taskar masallacin Alƙarawiyyin, kuma ba za a fitar da shi ba sai ga amintaccen mutum wanda ya ajiye jingina mai ƙarfi, sannan kada ya wuce wata biyu a hannun mai aro.

Mu lura da yadda waɗannan sharuɗɗa suka haɗa abu biyu. Mai waƙafin yana son a taɓa littafin, a karanta shi, a kwafe shi, har a tafi da shi gida. Yana kuma son ya dawo lafiya domin ɗalibin da zai zo gobe. Duk tarihin ɗakunan karatu yana kai-komo ne tsakanin waɗannan buƙatu biyu. Duk da jingina da wa'adin wata biyu, kaɗan ne daga mujalladan bakwai suka iso zamaninmu. Wataƙila irin wannan asara ce ta sa masu kula da taskar suka ƙara tsanantawa, har aka sa wa ɗakin littattafai mafiya daraja ƙofar ƙarfe mai makullai huɗu, kowane mabuɗi a hannun mutum daban, ta yadda ba a buɗewa sai dukkansu sun hallara.

Ɓarawon da makulli bai hana shi shiga

Makullai huɗu sun hana ɓarawo mai ƙafa biyu. Ba su hana ruwa ba. Tsohon birnin Fas yana cikin kwari ne, an gina shi a kan gangare, ƙoramu da tsofaffin magudanan ruwa suna bi ta ƙarƙashin gidaje. Shekara da shekaru danshi yana hawa bangon ɗakin karatun daga ƙasa, ruwan sama yana sauka daga rufin da ya tsufa. Lokacin da Ma'aikatar Al'adu ta Maroko ta nemi Aziza Chaouni ta duba ginin a 2012, an tarar da katakon rufi ya fara ruɓewa, bango ya tsattsage, tayil ɗin ado ya farfashe, wayoyin lantarki suna a fili, kuma babu abin da ke daidaita zafi da laima a ɗakunan da littattafan suke.

Aziza Chaouni 'yar asalin Fas ce, ta yi karatun injiniya da zanen gine-gine a Amurka, tana koyarwa a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada. Mutane da yawa sun lura da cewa ginin da tarihi ya danganta asalinsa ga mace, mace ce kuma aka ɗora wa nauyin ceto shi.

Domin a gane girman haɗarin, sai a san yadda laima take kashe littafi. Takarda da fata duk suna shan danshi daga iska. Idan danshi ya yi yawa, fumfuna ta tsiro, ƙwari su samu wurin zama, shafuka su manne da juna, tawada ta jiƙe ta bazu. Idan bushewa ta yi yawa, takarda ta yi ƙarfi ta riƙa karyewa, fata ta takure. Mafi muni shi ne yawan sauyi, yau laima gobe bushewa, domin kowane sauyi yana sa shafi ya kumbura ya sake tsukewa, har rubutun ya fara ɓamɓarewa. Wani nau'in tsohuwar tawada mai sinadarin ƙarfe ma, idan ya haɗu da danshi, cin takardar yake yi har ya huda ta ta inda alƙalami ya bi.

Saboda haka aikin ya fara ne daga inda ido ba ya gani. An haƙa magudanar ruwa a ƙarƙashin ginin domin janye ruwan da ke taruwa, an sabunta hanyoyin fitar da ƙazantar ruwa, an gyara rufi da indararo. Bayan nan aka ƙarfafa bango da katako, aka sauya wayoyin lantarki, aka kafa faifan samar da wuta daga hasken rana. An tanadi ɗaki mai na'urar daidaita zafi da laima domin rubutattun littattafai, da ɗakin gwaji inda ƙwararru suke gyara shafukan da suka lalace, suna kuma ɗaukar hotonsu da na'ura domin adanawa a kwamfuta. Adon ginin, wato tayil mai launi-launi da sassaƙen katako da na farar ƙasa, masu sana'ar hannu ne suka gyara shi bisa tsarin da aka gada. Tsarin gyaran ya kuma tanadi ɗakin baje koli, inda wanda ba mai bincike ba zai iya ganin wasu daga cikin littattafan. An kammala babban ɓangaren aikin a 2016.

Ɗaukar hoton shafuka shi ne ya warware tsohuwar matsalar da takardar Ibn Khaldun ta yi fama da ita. A da, duk wanda ya karanta littafi ya rage masa kwana, ko da da gumin yatsa ne. Yanzu ana iya buɗe littafin sau ɗaya a gaban na'ura, ɗalibai dubu su karanta hoton, asalin yana kwance a ɗakinsa. Sharaɗin karantawa da kwafa ya cika, sharaɗin kiyayewa ma ya cika. Sai dai hoton ba ya maye gurbin asali, domin irin takardar da ɗinkin da tawadar duk shaidu ne da masana suke gane shekarun littafi da ƙasar da aka rubuta shi da su.

Santambul da Sarayebo

Fas ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. A birnin Santambul na Turkiyya akwai ɗakin karatu na Beyazid, wanda aka buɗe a 1884 a zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu domin amfanin kowa da kowa. Ginin da aka sa shi a ciki ya girme shi da kusan shekara 400, domin wani ɓangare ne na gine-ginen masallacin Bayazid na Biyu na farkon ƙarni na 16, inda a da ake dafa abincin sadaka ana saukar da baƙi. Da aka zo sabunta shi a 'yan shekarun nan, masu zanen ba su huda tsohon bangon dutse don sa na'urori ba. Sun kafa manyan akwatunan baƙin gilashi a tsakiyar ɗakunan, nesa da bango, suka zuba littattafai masu daraja a ciki, kowane akwati da yanayin iskarsa. Idan wani zamani ya zo da dabara mafi kyau, ana iya ɗauke akwatunan, ginin ya koma yadda yake.

A Sarayebo kuwa, babban birnin Bosniya, wuta ce ta zo maimakon ruwa. Gwamnan Usmaniyya Gazi Husrev Beg ya kafa makaranta a 1537, ya yi sharaɗi a takardar waƙafinsa cewa abin da ya rage daga kuɗin gini a sayi littattafai masu kyau da shi. Daga nan ɗakin karatu mai sunansa ya samo asali. A 1992, lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya, an ƙone Cibiyar Nazarin Gabas a watan Mayu, rubutattun littattafai fiye da 5,000 suka zama toka, aka kuma ƙone babban ɗakin karatu na ƙasa a watan Agusta. Littattafan Gazi Husrev Beg sun tsira ne domin ma'aikatansa sun yi ta ɗaukar su daga maɓoya zuwa maɓoya a cikin ruwan harsasai. A 2014 aka buɗe musu sabon gini da tallafin ƙasar Ƙatar. Gini yana da amfani ne idan akwai mutanen da suka ɗauki abin da ke cikinsa a matsayin amana.

Gyara yana cikin sharaɗin waƙafi

Akwai masu ganin cewa sa na'urar sanyaya ɗaki da faifan hasken rana a jikin ginin magabata rage masa kwarjini ne. Fiƙihun da aka karantar a Alƙarawiyyin kansa bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Malaman Malikiyya sun halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, kamar littattafai, kuma a Magrib ana kiran waƙafi da sunan hubusi. Sun kuma tafi a kan cewa gyaran abin da aka yi waƙafi shi ake fara gabatarwa daga kuɗin shigarsa, kafin a raba wa masu cin moriya, domin idan asalin ya rushe amfanin ya yanke, ladan mai waƙafin ma ya tsaya. Wanda ya haƙa magudanar ruwa a ƙarƙashin taskar littattafai yana cika nufin wanda ya ajiye littafin ne shekara 600 da suka wuce.

Haka nan kulle littafi har ya zama ba mai ganinsa saɓa wa wancan nufin ne. Sadaka mai gudana sai tana gudana, ilimin da ake amfana da shi kuma sai an kai gare shi.

Mu da namu gadon

Tarihin Fas ya taɓa yankinmu ta hanya mai ɗaci. Ahmad Almansur, wanda ya gina ɗakin Ahmadiyya, shi ne sarkin da rundunarsa ta karya daular Songai a yaƙin Tondibi a 1591. Bayan shekara biyu aka kama malaman Tambutu, aka tafi da su Marrakesh, cikinsu har da Shehu Ahmad Baba, wanda ya ce an wawashe masa littattafai 1,600. Hannun da ya gina taska a arewacin Sahara shi ya watsa wata a kudancinta. Cibiyar da ke ɗauke da sunan Ahmad Baba a Tambutu, wadda aka kafa a 1973, ta samu sabon gini da taimakon Afirka ta Kudu a 2009, amma a watan Janairun 2013 'yan bindiga suka ƙona ko suka kwashe littattafai kimanin 4,000 daga cikinta. Dubban da aka tserar zuwa Bamako kuma sai suka fuskanci laimar da ba su saba da ita ba a busasshiyar iskar Tambutu.

Mu ma magada ne. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u, da na malaman Kano da Katsina da Zariya da Borno da Agadas, wasu suna wuraren adana kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, da taskar Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken jami'a a Yamai. Da yawa kuma suna gidaje, cikin gafaka ko adaka, a ɗakin da malam ya bari. Maƙiyansu su ne waɗanda aka yi fama da su a Fas, har da ƙari: yoyon damina, gara, ɓera, gobara, da rabon gado da kan raba littafi ɗaya gida uku.

Ba sai gida ya mallaki ɗakin gwaji ba kafin ya fara. A ɗaga littattafai daga ƙasa, a nisanta su daga bango da inda rufi yake yoyo. Kada a naɗe su cikin leda, domin tana tara gumi. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, kada kuma a kai shi a yi masa rufin roba mai zafi, domin ba a iya cire shi daga baya sai da ɓarna. Littattafanmu yawanci warwara suke ba a ɗinke ba, kalmar da magabata suke rubutawa a ƙasan shafi ita ke nuna shafin da ke biye, don haka kada a hautsina su. Ɗalibin da ke gidan zai iya ɗaukar hoton kowane shafi bi da bi da wayarsa, a wuri mai haske, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ya rubuta sunan littafi da mawallafi da mai kwafa idan an ambace su. Magada kuma su duba yiwuwar yin waƙafin littattafan gaba ɗaya, a rubuce, da sunan mai kula da su da sharuɗɗan aro, kamar yadda Ibn Khaldun ya yi.

Haka ɗakunan karatu na gwamnati da na masallatan Juma'a da ke garuruwanmu. Masu hannu da shuni da suke neman sadaka mai gudana su sani cewa gyaran rufin ɗakin karatu, da sa masa wutar sola da ɗalibi zai yi bita da dare, da biyan albashin mai kula da shi, duk suna cikin wannan babi, ko da ba a kafa allo da sunan kowa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rubuta, da waɗanda suka kwafa, da waɗanda suka adana, Ya ba mu ikon miƙa amanar ga na bayanmu ba tare da ta lalace a hannunmu ba.